Gonakin da aka bari a kan tudun Worth Matravers

Jiya da dare muka dawo Landan daga yankin Dorset a kudancin Ingila, ƙafafuna har yanzu ciwo suke, amma sai na rubuta wannan tun abin bai huce ba. Jirgin ƙasa muka hau daga tashar Waterloo zuwa garin Wareham, kuɗin tikiti kuwa abin ba a magana, wallahi mutanen nan ba sa jin tausayin aljihun talaka, ga wani mai duba tikiti da ya tsaya a kanmu yana juya katin rangwamen abokina kamar satowa ya yi, ko sannu babu. Daga Wareham bas, muka wuce ta gindin rusasshiyar fadar Corfe, aka sauke mu a bakin hanya muka ƙarasa ƙauyen Worth Matravers da ƙafa.

Ƙauyen ƙarami ne, gidajen duk na dutse har rufinsu, ga ɗan tafki a tsakiya da agwagi. Niyyarmu teku kawai, Winspit, inda da ake fasa dutse. Muna gangarowa cikin kwarin sai na ɗaga kai, hagu da dama tudu biyu, mutanen wurin suna kiransu East Man da West Man, kuma jikin kowanne an yanka shi hawa-hawa, dogayen matakala kore shar suna bin ƙugun tudun har kusa da ruwa. Na tsaya cak. Na taɓa zuwa Sukur a Adamawa na ga yadda suke jera dutse da hannu su tare ƙasa su shuka dawa a kan tsauni, to nan take abin da ya faɗo min kenan, sai dai nan babu jerin dutse, ƙasa ce zalla da ciyawa, kuma wani gefen ya fi ni tsayi.

Wata dattijuwa mai yawo da karenta ta ga mun ƙura ido, ta matso. Na ce mata mama, wa ya gina wannan? Ta yi dariya ta ce ɗana ai ba gini ba ne, garma ce. Ita ta warware mana. A zamanin da, wajen ƙarni na 13, gonar gari a haɗe take, an tsaga ta siriri-siriri, kowane magidanci yana da tsaginsa nan da can, maƙwabta su haɗa shanunsu su ja garma ɗaya. To in kana huɗa a kwance a jikin gangare, kowace shekara ƙasa na ɗan zamewa ƙasa ta taru a bakin iyakarka, kai kuma ta sama kana ƙwaƙule gindin iyakar maƙwabcinka, shekara kan shekara har iyakar ta zama gaɓa. Wato abin da muke kallo iyakar gonar wane da wane ce.

Na hau ɗaya na bi ta da ƙafa, iska kamar ta ture ni, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne babu manomin da zai kai shanu wannan gangaren mai iskar gishiri don marmari. Yunwa ce. Jama'a sun yi yawa a Ingila lokacin, ƙasa mai laushi ta ƙare, dole aka haura tudu. Sannan a 1348 baƙar annoba ta shigo ƙasar, kuma ta tashar jiragen ruwa ta Melcombe Regis ake cewa ta sauka, a garin Weymouth cikin Dorset ɗin dai, ta kwashe mutane da yawan gaske, bakin ci ya ragu, hannun noma ya ragu, irin waɗannan gonaki na wahala su ake fara saki. Tumaki suka gaje wurin, su kuma ba sa huɗa, shi ya sa shatin bai goge ba. Ba shinge ba kuɗin shiga, hanyar ƙafa ce kowa ya bi, wannan kam na yaba musu.

Dattijuwar ba ta bar mu haka ba, ta ce sai mun ga kabarin Benjamin Jesty a harabar cocin ƙauyen, manomi ne da ya yi wa matarsa da 'ya'yansa biyu lamba da ƙurajen saniya a 1774 don tsare su daga agana, shekara 22 kafin likita Jenner da duniya ta sani da rigakafin agana. Bayan nan ta ja mu gidanta ta dafa shayi, da na ce ba ma cin alade ta kawo burodi da cuku da tuffa, har ta nuna min gefen lambu na yi azahar. Allah ya saka mata. Kofin shayin da muka saya daga baya kusan fam 4 ne, kuma ruwa-ruwa.

Winspit mun leƙa a gurguje, ramukan dutse ne manya da gargaɗin kada a shiga. Ɗakin ibadar St Aldhelm daga nesa muka hango shi, hadari ya taso. A Swanage, garin bakin teku da ke kusa, kifi da dankali muka ci a tsaye, muka kama bas ɗin yamma zuwa Wareham.