Godiya bayan an cire wa Umma robar wuya

Alhamdulillahi. Jiya aka cire wa Umma robar da ke wuyanta, wadda ta nan ake mata wankin ƙoda, bayan an yi mata wankin sau uku a jere ta jijiyar hannunta ba tare da wata matsala ba. Ku da kuka bi mu tun farko kun san abin da robar nan ta ja mana, har da zazzaɓin da ya kwantar da ita sau biyu. Ba zan maimaita ba, na gaji.

Rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina, ranar sikanin jijiyoyin hannu. Kafin a yi aikin haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi a hannu, don a riƙa wankin ƙoda ta nan, sai an auna su, domin in mai mayarwar ba ta kai faɗin milimita 2.5 ba, da wuya haɗin ya kama. Hagu aka fara dubawa, tunda da dama take komai. Ma'aikaciyar ta ɗaure damtse, ta shafa man nan mai sanyi, ta riƙa bin hannun da na'ura. Jijiyar wuyan hannu kam, allurai da ƙarin ruwa sun gama da ita. Na ga ta yi shiru. Umma ma ta lura, ta ce, "'Yata, in babu ki faɗa min kawai."

Baiwar Allah nan sai ta tashi ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta naɗe hannun da tawul mai ɗumi, ta ce, "Mama, jijiya ma sanyi take ji, mu ba ta lokaci." Ga mutane a layi suna jiranta, amma ta zauna riƙe da yatsun Umma kusan minti goma. Da ta sake dubawa, sai ga jijiya a gwiwar hannu, milimita 3. Ta ƙara sautin na'urar, muka ji jini na wucewa fuu, fuu, ja da shuɗi na motsi a allo. Ta ce, "Kin ji, Mama? Naki ne." Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ko sunanta ban tambaya ba. Allah ya jiƙan magabatanta, ya sa ta gama da duniya lafiya.

Likitan da ya yi aikin, da masu jinyar da suka koya min ɗora yatsu a wurin kowace safiya in ji karkarwar jini, suka nanata mana cewa ba allura, ba awon hawan jini, ba agogo, ba kwanciya a kan hannun nan, Allah ya saka muku da Aljanna.

Yaya Babba, na san ba ka son a faɗa, ka yi haƙuri. Sati takwas ɗin da muka yi muna jiran jijiyar da aka haɗa ta yi ƙwari, kai ne kake kai Umma wankin ƙoda sau uku a mako, ka zauna awa huɗu a bakin ƙofa. Maƙwabciyata da ta riƙe min yara, Allah ya raya naki. Akwai 'yan uwa na jini da ko waya ba su buga ba, Umma kuma tana ta tambayarsu. Na bar wannan a nan.

Ya Allah ka raya wannan jijiya, ka kare ta daga toshewa, ka ba Umma lafiya mai ɗorewa. Waɗanda ke jiran nasu sikanin da robar wuya, Allah ya sa a samu jijiya a hannunsu. Amin.