Juma'ar da na fita da Kawu da sandarsa cikin Alƙahira

Yanzu muka shigo gida, Kawu ya yi isha'i a zaune ya kwanta har ina jiyo munsharinsa daga falo, ni kuma barci ya ƙi zuwa saboda shayin da na ɗirka yau ya kai kofi shida, to bari in rubuta tun abin da ɗuminsa.

Yau kwana 33 kenan da yi masa aikin gwiwa. Tunda aka sallamo mu daga asibiti muka dawo ɗan gidan da muka kama a unguwar Dokki Kawu bai taka ko'ina ba sai wajen gashin ƙashi, daga nan sai gida, daga gida sai can. Ni ba ciwon ne ya fi damuna ba wallahi, shirun da ya koma yi ne. Mutumin da a Kantin Kwari in ya zauna bakin shagonsa sai ka ga benci ya cika, wannan ya kawo ƙara wancan ya zo cin bashi wani kuma hira kawai ta kawo shi, shi ne yanzu zai wuni yana kallon bango, in na dafa abu ya ci loma uku yace ya ƙoshi. Shekaranjiya mai gashin ta ce masa dole fa ya riƙa tafiya a waje, kaɗan-kaɗan, in ya gaji ya zauna. Yace a ina zai zauna a garin da ba nasa ba? Nace Kawu ai a garin nan kujera ba ta wuya, ku dai ku shirya ranar Juma'a.

Ƙarfe tara muka sauko. Sanyi ake sosai, na sa masa rigar sanyina a ƙarƙashin babbar riga. Safiyar Juma'a ita ce kaɗai lokacin da Alƙahira take numfashi, titi fayau, ba hon ba hayaniya. A bakin layinmu akwai mai amalanken ful, wato waken nan manya da suke kwana suna dahuwa a wata doguwar tukunya mai siririn wuya, ana kwasowa da ludayi mai dogon hannu. Kullum ni kaɗai nake zuwa in saya in hau da shi sama, yau mai waken na ganin dattijo da sanda ya juya wani akwatin lemo ya shimfiɗa kwali a kai yace itfaddal ya Hag, wato bismillah Alhaji. Aka zuba mana wake da mai da lemon tsami da kamun, ga gurasarsu aish baladi da zafinta, ga ɗa'amiyya. Kawu ya ɗauki ɗa'amiyya ɗaya ya ɓare ta gida biyu ya tsaya yana kallon cikin, yace wannan ai ƙosai ne, me ya sa cikinsa kore? Na faɗa masa ganye suke markaɗawa tare da waken, su albasa mai lawashi da kuzbara. Ya ci huɗu. Ina ƙirgawa a raina kaman uwa da jariri.

Daga nan tasi muka hau zuwa Azhar don a can yake so ya yi Juma'a, tun yana yaro a makarantar zaure yake jin sunan. Na samo masa kujerar roba a gefen sahu. Da aka idar bai tashi da wuri ba, ya daɗe yana kallon tsakar masallacin da farin marmara, na gaya masa an fara ginin a 970 aka fara sallah a ciki a 972, ya lissafa da yatsa yace shekara dubu da ɗoriya kenan ana karatu a nan, Allah Ya sa kai ma ka fita da rabonka. Amin Kawu.

Wahalar farko ita ce tsallaka titi zuwa ɓangaren masallacin Husaini, sai an bi ta ƙarƙashin ƙasa kuma matakala ce. Muka bi dokar mai gashi, wajen sauka ƙafa mai ciwo ce gaba, wajen hawa mai lafiya ce gaba, ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ratsa mu ta ko'ina. Kafin mu fito goshinsa ya jiƙe duk da sanyin nan. Shiyasa ban tsaya nuna masa komai a kasuwar Khan Khalili ba na ja shi kai tsaye gidan shayin Fishawi.

Fishawi dai lungu ne, lungu na gaske, kujeru a jere hagu da dama mutane kuma suna wucewa ta tsakiya, ga manyan madubai masu tsohon katako sun yi duhu don tsufa, wurin ya haura shekara 200 ana sayar da shayi. Teburin ɗan mitsitsi ne na ƙarfe, faɗinsa bai fi faranti ba. Aka kawo shayi a 'yar buta da duk fentinta ya ɓare, na'ana'a ɗanye a kofi daban, nace sukkar barra wato a kawo sukari a gefe, saboda Kawu yana da ciwon suga kuma Bamisire in ka bar shi da cokali sai ya zuba uku. Wurin ya burge shi amma bai sake ba, masu talla ba sa barin mutum ya haɗiye kurɓi ɗaya, wannan carbi wancan agogo wannan walat, ga hayaƙin shisha da ba ya so. Minti ashirin yace mu tafi, wannan wurin na baƙi ne masu ɗaukar hoto. Da gaskiyarsa.

Rana muka ci a Abu Tarek da ke titin Shambiliyon a tsakiyar gari, gida ne hawa-hawa kuma ba sa sayar da wani abinci sai koshari, sai ɗan shinkafa da madara na bayan ci. Tun daga ƙofa kake jin ƙarar ludayi a kan kwano, kwas kwas kwas, mai zubawa ko kallon hannunsa ba ya yi. Shinkafa, makaroni, taliya, adas da hummus (wasu irin wake ne), soyayyar albasa a sama, miyar tumatir a gefe, sai kwalba biyu a tebur, ɗaya ruwan tafarnuwa da khal mai tsami ɗaya yaji. Ƙaramin faranti na karɓa masa saboda sugan. Ya juya ya juya yace garau-garau ne aka tara masa dangi, ya zuba yaji fiye da yadda na zata, hawaye ya cika idonsa yana ci yana cewa madalla. Rabon da in ga ya share faranti tun muna Kano.

To daga nan ne na yi kuskure. Raina ya ce bari in kai shi wuri mai kyau ya huta, irin kafe ɗin zamani a unguwar Zamalek mai gilashi da kujerun laushi da waƙa a hankali. Kujerar ma ta yi ƙasa da yawa, da ƙyar na zaunar da shi kuma na san tayar da shi wani aikin ne. Kowa a wurin ya kifa kai a kwamfuta ko waya, babu mai kallon wani balle sallama. Yarinyar da ta kawo takardar abinci ta yi mana bayani cikin ladabi cewa akwai mafi ƙarancin abin da kowane mutum zai kashe, ko ya sha ko bai sha ba. Na karɓi kofi mai madara shi kuma koren shayi, ruwan zafi ne kawai da jakar ganye a gefe. Da bil ya zo an ɗora kashi 12 na hidima an ɗora kashi 14 na haraji, kuɗin da zai ishe mu shan shayi sati guda a unguwa. Kawu ɗan kasuwa ne, ya karɓi takardar ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ɗan nan a nan kuɗin zama ake biya, kuma zaman ma babu daɗi. Na ji kunya ƙwarai don kuɗin jinya ne a aljihuna, kowane fam da lissafinsa, tun da aka sakar wa kasuwa darajar fam ɗin Masar a watan Maris na 2024 komai ya tashi a garin nan.

Mun koma tsakiyar gari wajen la'asar saboda akwai maganin da zan karɓa a wani kemis kusa da Babul Luƙ. Muna fitowa ƙafar ta fara masa zugi, ga wani tsohon gidan shayi mai dogayen tagogi da rufi can sama, na san wurin amma wallahi na sha'afa, sai da muka sa kai ya hango koren kwalabe jere a kan tebura. Stella ce, giyarsu ta nan da ake yi tun 1897. Wurin kashi biyu ne, gefe ɗaya tsofaffi na shan shayi suna buga dara irin ta Turawa, ɗaya gefen kuma masu kwalba, babu ko labule a tsakani. Kawu ya ja ya tsaya yace a'uzubillahi, a fili haka, a garin Azhar? Nace eh Kawu, akwai su, suna da lasisi, da azumi ne ake rufewa. Mai hidimar ya nuna mana ɓangaren shayi da hannu, Kawu ya ɗaga masa hannu ya gode ya juya. A bakin titi ya jingina da wata mota ya huta, bai zagi kowa ba, yace dai a Kano ma ai akwai Sabon Gari, amma shi gemunsa ba zai zauna inda ake buɗe kwalba ba ko da ƙafar za ta cire. Na ba shi haƙuri, laifina ne.

Niyyata daga nan sai gida. Tasi ta sauke mu bakin layi ana kiran magariba, muka yi sallah a ɗan masallacin ƙasan bene, muna fitowa sai ya tsaya a gaban ahwar unguwarmu, wadda nake wucewa kullum ban taɓa tunanin kawo shi ba saboda a ganina ba ta kai a kai baƙo ba. Ahwa haka suke kiran gidan shayi, kuma haka suke kiran gahawa ita kanta. Kujerun katako ne da suka sha jiki an baza su har kan kwalta, garin katako a ƙasa, talabijin a maƙale a sama, ƙarar domino da ɗawla, wani wasan ƙwayoyi a kan allo, ana buga su a tebur kaman ana faɗa. Yace nan fa? Nace nan ta talakawa ce Kawu. Yace to mu su waye.

Kujerar doguwa ce mai tauri, daidai gwiwarsa, ya zauna ba tare da na riƙe shi ba. Kafin mu ce komai yaron wurin ya dire mana ruwa kofi biyu. Na fara jero masa abin da ake da shi, shayi iri biyu, koshari wanda ake zuba ruwan zafi a kan ganye da sa'idi wanda ake tafasawa har ya yi baƙi ƙirin, ga yansun na wasu 'ya'yan ƙamshi, ga karkade wanda zoborodonmu ne sak sai dai su har da zafinsa suke sha, ga sahlab mai kauri da madara da gyaɗa a sama na lokacin sanyi, ga hilba. Yace hulba dai tamu? Ita ya zaɓa, ba sukari. Ta zo rawaya da 'ya'yanta a ƙasan kofi, ya kurɓa ya lumshe ido yace Hajiya ce take dafa masa irin wannan.

Wani tsoho a teburin kusa da mu, shi ma da sandarsa, ya kalli yadda Kawu ya miƙe ƙafa, bai ce komai ba ya tashi ya jawo wata kujera ya tura ƙarƙashin ƙafar, sannan ya buga tasa gwiwar da hannu ya ɗaga yatsu biyu, wai shi duka biyun aka yi masa. Shikenan hira ta ɓarke. Kawu da larabcinsa na littafi, irin na Ahalari da Iziyya, yana cewa kaifa haluka ya akhi yana fitar da kowane harafi, tsohon ya yi dariya har da tari yace sadaƙallahul azim, sauran ma suka ɗauka, kuma dariyar ƙauna ce don nan take suka matso da kujerunsu. Da suka ji Najeriya sai tsohon ya dafa ƙirji yace Amunike! Ashe ɗan ƙungiyar ƙwallon Zamalek ne na a mutu, yana tuna lokacin da Emmanuel Amuneke ya buga musu a farkon shekarun 1990, wani ɗan ƙungiyar Ahli daga can baya ya ɗaga murya yace Ajayi da ya buga musu ya fi shi, gardama ta tashi a kan 'yan ƙasarmu mu muna zaune muna kallo. Ni na zama tafinta, ina juya Hausa zuwa larabcin titi ina juyo shi, har aka kai inda ba sa buƙatata, suka sa Kawu a domino. Bai iya ba amma lissafi a jininsa yake, zagaye na uku ya ci, ya buga ƙwayar ƙarshe a tebur da ƙarfi yadda ya ga suna yi.

Garin nan ba kullum yake da daɗi ga baƙin mutum ba, ni na sha jin yara suna kirana da sunayen da ba na so a titi, shiyasa abin da tsofaffin nan suka yi ya tsaya min a rai.

Awa uku muka yi a wurin. Hulba ɗaya ya sha sai yansun ɗaya, babu wanda ya zo ya tsaya mana a ka ko ya ɗauke kofi don mu gane mu tashi. Da na kira yaron zan biya yace an riga an biya, tsohon ya kawar da kai kaman ba shi ba. Kawu ya yi ta rantsuwa, tsohon yace gobe sai ya rama. A wurin Hajiya ta kira a WhatsApp, ya juya mata kyamara yana nuna mata mutanen ɗaya bayan ɗaya yana cewa ga majalisarmu, muryarsa har ta fi ta talabijin, ita kuma ina ji tana cewa Alhaji kai ne kuwa?

Wajen hawa bene ƙafar ta kumbura kaɗan, na sa masa ƙanƙara na ɗora ta kan filo biyu. Kafin ya yi barci yace in duba cikin jakarsa ta hannu akwai sauran goro da dabino da ya taho da su, in ware masu kyau in ƙulle a leda, kuma gobe in an dawo daga gashi kar in cire masa takalmi.