Tsohuwar kwamfutata da surutun da na sha a kanta

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. Tun ana saura watanni, zaurukan WhatsApp na masu harkar kwamfuta a nan Kaduna suka ɗauki zafi, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Windows 11 da aka ce a koma kanta tana da sharuɗɗa: in injin kwamfutarka na Intel ne, sai ya kasance daga ƙarni na takwas zuwa sama, kuma sai da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa kuwa ThinkPad T430 ce, ƙirar 2012, injinta na ƙarni na uku. Ko kusa ba ta cikin lissafi.

Ni malamin sakandare ne, kuma aikin da nake yi da ita bai wuce buga tambayoyin jarabawa, haɗa sakamakon ɗalibai, karatu a intanet da ɗan koyon rubuta manhaja da daddare ba. Ta hannu na saye ta tun da jimawa. A lokacin da ake wannan hayaniya ta riga ta yi nauyi: in na kunna ta sai in tafi in yi alwala in dawo tana nan tana juyi, fankarta na gurnani, ƙasanta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Sayen sabuwa kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ya fi ƙarfin albashin malami. Sai na rubuta tambaya a wani zaure da nake ciki, na ce ga halin da ake ciki, mene ne abin yi?

Wanda ya fara amsawa cewa ya yi in sayi MacBook in huta. Bai tambayi abin da ke aljihuna ba. Wani ya ce duk mai amfani da Windows a wannan zamanin bai san ciwon kansa ba, in sa Arch Linux, wani nau'i na Linux, manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, alhali Arch irin wadda mutum ke harhaɗawa da kansa ce ta hanyar rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya, ba a ba sabon shiga ita. Kafin a ce kwabo an manta da ni, an koma tsohuwar rigimar iPhone da Android, ana turo hotunan ba'a. Abin da ke ba ni dariya a rigimar nan shi ne, da za a ce kowa ya ɗaga wayar da yake rubutu da ita, Tecno da Infinix da itel ne za su fi yawa, dukkansu kuma na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin. Amma a baki kowa ɗan gidan Apple ne ko Samsung.

Na daɗe da lura cewa yawancin shawarar da ake bayarwa a irin waɗannan wurare ba don mai tambaya ake ba da ita ba. Mutum yana kare abin da ya kashe wa kuɗi ne, ko abin da yake burin mallaka. Ga kuma bidiyoyin YouTube da muke ɗauko ra'ayi daga cikinsu. Masu yin su suna zaune a Amurka ko Turai, inda ba a ɗauke wuta, intanet kuma ba a auna masa shi da cokali. Za su yi rabin awa suna yabon sirantar kwamfuta da kyan launin fuskarta, ba wanda zai gaya maka yadda take yi da ƙurar hunturu, ko in batirinta ya mutu za a samu wani a Ahmadu Bello Way. Mu kuma sai mu haddace maganarsu mu zo muna yi wa juna gori da ita.

Can da dare wata baiwar Allah da ba ta cika magana a zauren ba ta yi mini saƙo ni kaɗai. Ta ce, "Malam, wane aiki kake yi da ita, kuma wane irin rumbun ajiya ne a ciki?" Da na gaya mata, ta ce kada in taɓa maganar Windows ko Linux tukuna, in fara canza rumbun zuwa SSD, in ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, in kai a wanke fanka. Shawararta na bi.

Tsohon rumbun ajiya faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a irin waɗannan kwamfutoci, da wani ɗan hannu da ke zirga-zirga yana neman inda aka rubuta abu. SSD ba ta da abin da ke motsi, irin ma'ajiyar da ke cikin filashi da waya ce. Tsohon faifai yakan karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa in abin ya yi kyau, SSD da ke shiga gurbinsa takan kai wajen 500, kuma inda ta fi yi masa nisa shi ne ɗauko ƙananan fayiloli barkatai, wanda shi ne abin da kwamfuta ke yi lokacin tashi. Ga ta ba ta tsoron girgiza, abin da mai hawa Keke Napep da jaka a baya ya kamata ya kula da shi.

Na kwashe duk takarduna na zuba a wani rumbu na waje kafin in fita daga gida. Wannan ba abin wasa ba ne, domin sakamakon ɗalibai na shekaru yana ciki. Injiniyan da na kai wa, wani matashi mai ɗan shago a cikin gari, da ya juya ta ya ga samfurin sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ba ta ba da wahala." Sukurori kaɗan ya kwance ya zaro rumbun. RAM ɗinta gurbi biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin murfin baya, ɗaya a ƙarƙashin madannai, irin DDR3, kuma tana iya ɗaukar har gigabait 16. Ni dai daga 4 na kai ta 8. Ina kallonsa sai na tuna Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, wadda duk bakaniken da ka tsaya wurinsa ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Legas ba. Da yawa daga cikin siraran kwamfutocin yanzu an narkar da RAM ɗinsu a jikin allo, batirin kuma a rufe yake a ciki, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Ita kuwa wannan, Lenovo, wanda ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005, ya sa littafin kwance ta da ɗaure ta a intanet kyauta, har da zane-zane.

Da ya buɗe wajen fanka, ƙurar da ta daskare a bakin mafitar iska ta toshe kusan ko'ina. Ya goge, ya kankare busasshen man da ke tsakanin injin da ƙarfen da ke janye zafi, ya shafa sabo. Ya ce duk wanda ke Kaduna ya riƙa yin haka bayan hunturu ya wuce, kuma a daina ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shan iska.

Ga abin da masoya Linux ba sa son ji. Ya fara kwafe tsohuwar Windows ɗina ne zuwa kan SSD, kuma tun a nan kwamfutar ta warke. Ta tashi kafin in gama gyara zama. Saurin da ake ta danganta wa canza manhaja, mafi yawansa daga rumbun ya zo. Da matsalata nauyi ne kawai, da a nan zan tsaya. Abin da ya sa na ci gaba shi ne maganar tsaro: kwamfutar da nake shiga banki da ita, nake kuma soka mata filashin mutane iri-iri, ban so ta zauna a kan manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka.

Linux Mint na zaɓa. Asalin Linux wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da shi bai sani ba, domin a kansa aka gina ta. Mint an ɗora ta ne a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, fuskarta kuma ta yi kama da Windows: ga maɓallin farawa a kusurwar hagu, ga agogo a dama. Jerin Mint 22 za a ci gaba da kula da shi har 2029. Fayil ɗin ya kusa gigabait 3, don haka da datar dare na sauke shi, tun da daga Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 kowa ya koyi tattali. Na rubuta shi a filashi da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus, na kunna kwamfutar ina danna maɓallin F12, na zaɓi filashin. Daɗin abin shi ne tana tashi daga filashin kai tsaye ba tare da ta taɓa abin da ke cikin rumbu ba, sai ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, in ka gamsu sannan ka girka. Duk wanda ya ce maka ka girka ba tare da wannan gwajin ba, kada ka saurare shi.

Akwai abubuwan da na ji daɗinsu. Ba ta sabunta kanta sai na ce, don haka ba na wayar gari in tarar data ta ƙare. Ƙwayar cutar nan da ake kwasowa a shagunan buga takardu, mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi, ba ta aiki a kanta. Ina ganin fayilolinta ƙuru-ƙuru in goge, har abokan aiki suka fara kawo mini filashinsu in tsabtace musu. Tana kuma da tsarin madannai na Hausa a ciki, ina buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafowa daga wani wuri ba.

Akwai kuma inda ta gaza, wanda ba wanda ya faɗa mini a zaure. LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke zuwa da Mint, yana buɗe fayilolin Word da Excel, lissafin maki da matsayin ɗalibai duk yana tafiya daidai, amma takardar da aka ƙawata da teburori da tambarin makaranta wani lokaci takan goce, layi ya sauka shafi na gaba. Dalili shi ne nau'in haruffa: in babu Calibri a kwamfutar sai ta musanya da wani. Sa Carlito, wanda aka yi shi daidai da faɗin Calibri, ya rage matsalar sosai, sauran kuma na magance ta da mayar da komai PDF kafin in kai bugawa. Babban gibin shi ne CorelDRAW. Masu buga katin biki da kalanda da allon talla a garin nan da shi suke aiki, shi kuma yanzu ba a yin sa don Linux. Ƙanena da ke wannan sana'a ya ga tawa ta yi sauri ya ce, "Yaya, ni ma a sa mini." Na ce a'a, kai SSD kawai za ka sa, ka tara kuɗi ka nemi ta hannu mai ƙarni na takwas da za ta ɗauki Windows 11. Abin da ya yi mini daidai shi zai kashe masa kasuwa.

Da na koma zauren na ba da labari, sai aka sake rabuwa. Masu Linux suka yi ta murna kamar na shiga jam'iyyarsu, ɗayansu ma ya ce Mint ta yara ce. Mai MacBook ya ce wahalar da kai ce kawai. Ban yi musu da kowa ba. Amma ba zan ce zaurukan nan ba su da amfani ba, tun da a ciki na samu wadda ta ba ni shawarar da ta yi aiki. Masu sani suna nan, sai dai ba su ne masu yawan magana ba, kuma sukan fito ne in tambaya ta zo da bayani: samfurin na'ura, aikin da ake yi da ita, abin da aka riga aka gwada, da kuɗin da ake da shi. "Wace kwamfuta ce ta fi kyau?" ba ta haifar da komai sai gardama. Na kuma lura mutanen nan in an haɗu ido da ido sun fi sauƙin kai. Na taɓa zuwa wani zama a CoLab da ke Barnawa, cibiyar da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016, na ga matasa suna rubuta manhajoji a kan tsofaffin HP da Dell masu ɗaurin salatif a gefe, ba wanda ya damu da tambarin da ke bayan murfin wani.

Abin da ya rage mini yanzu batir ne. Na ciki ya gaji, in aka ɗauke wuta ba ya daɗewa, ga shi a unguwarmu wutar ba ta da tabbas. Ina cire caja daga bango da zarar an ɗauke, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona caja. Injiniyan ya ja mini kunne cewa wannan samfurin yana tantance batir, in bai gane shi ba zai ƙi yi masa caji ko da ya shiga gurbin daidai. Don haka ranar da zan saya da kwamfutar zan tafi shagon, a sa a gabana, in ga lambar caji tana hawa, in buɗe bayanin batirin in duba nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, sannan in biya.