Kada ka yanke wa wasa hukunci da jajayen idanu

Ƙannena masu son shiga sharhin wasannin bidiyo, bari in ba ku labarin abin kunyar da na taɓa yi.

Wani kamfani ya turo min sabon wasansa saura kwana biyar ya shiga kasuwa, da sharaɗin kada in ce uffan sai ranar da suka tsayar. Murna ta hana ni lissafi. Sauke shi kaɗai ya cinye min kwana ɗaya da rabi, ga tsadar data, ga ɗauke wuta. Wasan kuwa irin manyan nan ne da ba a gamawa ƙasa da awa sittin. Na buga kamar ashirin, ido jajur, ina tsallake hirarrakin ciki don sauri, sannan na zauna na zuba yabo tamkar na ga ƙarshensa. Ashe daga tsakiya wasan maimaici ne zalla. Wani yaro ya rubuto min cewa wata uku yana tara kuɗin, kuma maganata ce ta sa ya saya. Na rasa amsar da zan ba shi.

Ko manya sun faɗa wannan ramin. A Disambar 2020, kafin fitowar wasan Cyberpunk 2077, na kwamfuta kawai aka bai wa masu sharhi, suka yaba. Da na na'urar wasa ta PlayStation 4 ya iso hannun jama'a cike da matsaloli, sai da Sony, mai ƙera na'urar, ta cire shi daga shagonta na intanet, bai dawo ba sai Yunin 2021.

Don haka ka faɗa wa mai karatu tun a layin farko: awa nawa ka buga, a kan wace na'ura, ka gama ko ba ka gama ba. Idan ba ka gama ba, rubuta abin da ka gani zuwa yanzu, ka riƙe maki tukuna. Makin nan ba abin wasa ba ne: wasan Fallout: New Vegas ya samu 84 a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, maki ɗaya ya raba Obsidian, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, da ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari idan ya kai 85.

Na san abin da ke cin ranka, kada wasu su riga ka. Za su riga ka ɗin, kuma za su fi ka masu karatu a wannan makon. Ni dai yanzu idan aka turo min wasan awa sittin saura kwana biyar, nan take nake sanar da edita cewa cikakken sharhi sai bayan sati biyu, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare nake kashe na'ura.