Dokin Friesian: na yaƙi ne ko na garma?

Jiya muka raba dare ni da wani abokina muna musu a kan dokin Friesian, baƙin ingarman nan na yankin Friesland a ƙasar Holan. Shi ya dage cewa dokin jan kaya ne kawai, wai a dubi faɗin ƙirjinsa da gashin da ya lulluɓe kofatonsa. Ni kuwa na taɓa tsayawa dab da ɗaya, na shafa gezarsa da ta zubo har kafaɗa, na ga yadda yake ɗaga gwiwa sama in yana tafiya. Wallahi ba takun dokin garma ba ne.

Gaskiya ya yi noma, ya ja keken doki shekara da shekaru. Amma kakanninsa sun ɗauki mayaƙa masu sulke, kuma jinin dawakin Andalus, wani yanki na ƙasar Sifaniya, ya shiga jikinsa zamanin da Sifaniya ke yaƙi a Holan. Daga nan ya gaji wannan lanƙwasar wuya.

Abin da ya fi sosa mini rai: an buɗe littafin rajistarsa a 1879, amma zuwa 1913 ingarma uku kacal suka rage masa na barbara a Friesland. Uku fa!